Dajin Bakin Komadugu: Kowa Na Ɗiba, Wa Ke Kiwo?



Duk wanda ya fita daga garin Difa ya nufi kogi, kafin ya ga ruwan Komadugu itatuwa zai fara gani. Ga goruba, ga bagaruwa, ga tsamiya da kanya jefi-jefi, ga giyayya a inda ruwa ke kwanciya. Idan ya juya ya dubi arewa kuwa, sai rairayi da ƙaya. Wannan siririn daji da ke bin gaɓar kogi ba gwamnati ta shuka shi ba, ba kuma wani attajiri ba. Haka kakanninmu suka tarar da shi.

A manyan biranen duniya akan keɓe fili a cikin gari, a hana gini a cikinsa, domin jama'a su samu wurin shan iska. Wani sashe a shuka furanni, a ajiye kujeru. Wani sashe kuma a bar shi daji, da itatuwansa da ciyawarsa da tsuntsayensa. Sau da yawa ba ma'aikatan hukuma kaɗai ke kula da wannan sashe ba. Mazauna unguwa ne ke fitowa don kansu, ba tare da albashi ba, su yi shara, su yi dashe, su tuge mugun haki. Shi ake kira aikin sa kai. Mu ma ba baƙon abu ba ne gare mu. Gayya ce, sai dai gayyar da ba ta ƙarewa a rana ɗaya.

A nan Difa, abin da ya fi kama da wannan shi ne dajin bakin kogi, da ƴan kurmin da ke gefen unguwanni, da itatuwan makarantu, kasuwa, filin idi da maƙabarta. Kowa na amfana da su. Amma wa ke kiwonsu?

Aikin da dajin ke yi mana

Ruwan Komadugu daga nesa yake zuwa. Kogin Haɗeja da na Jama'are, can cikin Najeriya, su ne ke haɗuwa su haife shi. Yana bin iyakar Nijar da Najeriya wajen kilomita 150, sa'an nan ya faɗa Tafkin Cadi kusa da Bosso. Ruwan sama a ƙasarmu kaɗan ne, wajen milimita 300 a shekara. Saboda haka kogin nan shi ne ran ƙasar Manga. Yakan iso da damina, ya cika maƙil wajen watan Nuwamba zuwa Disamba, sa'an nan ya janye ya bar gurabu.

Idan ruwa ya cika, gaɓa yake ci. Saiwoyin itace kamar raga suke a cikin ƙasa, su ke riƙe ta. Inda aka sare itatuwa har bakin ruwa, gaɓa takan zube kamar tsohuwar katanga, ta tafi da gefen gona. Mun ga ambaliya a 2012, mun gani a 2019, mun sake gani a 2022. Kada wani ya ce na ce itace na hana ambaliya. Ba ya hanawa. Amma gaɓar da ke da saiwa ta fi wadda ba ta da ita jurewa, kuma manomin tattasai ya fi ni sanin haka.

Da hunturu, dajin ne ke tare iska da ƙura kafin su kai ga shuka. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi ne inuwar mutum da dabba. Mata na samun kaba su saƙa tabarma, faifai da igiya. Majema na neman ƴaƴan bagaruwa don jima. Yara na tsintar magarya, kurna da aduwa, kuma wannan abinci ne mai gina jiki, ba wasa ba ne. Awaki na cin ƴaƴan gawo a lokacin da ciyawa ta ƙare.

Me ya cinye shi?

Abubuwa da yawa ne suka taru. Farin 1973 da na 1984 sun kashe itatuwa masu yawa. Madatsar ruwa ta Tiga da aka gina a 1974, da ta Calawa a 1992, duka a ƙasar Kano, sun sauya yadda ruwa ke iso mana. Noman tattasai ya bunƙasa, injin ban ruwa ya yawaita, sai gonaki suka yi ta matsawa har bakin gaɓa. Garin kansa ya yi girma.

Daga watan Fabrairu na 2015, da rikicin Boko Haram ya shigo Bosso da Difa, dubban ƴan uwanmu suka bar garuruwansu suka zauna a gefen gari da gefen babbar hanya. Kowane gida na buƙatar itacen girki da na rumfa. Ba laifinsu ba ne. Wanda ya gudo da ransa, dole ya dafa wa ƴaƴansa abinci. A 2016 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, ta raba tukwanen gas ga dubban iyalai don rage saran itace. Ya taimaka. Amma gas na rage sara ne kawai, ba ya mayar da itacen da ya riga ya faɗi.

Labarin birane biyu

A 1965 aka fara shuka wani daji a gefen birnin Yamai, don ya kare shi daga iska da ƙura. An shuka dogon yaro da turare har wajen hekta 2,500. Aiki ne na hukuma, kuma aiki ne mai kyau. Sai dai mazauna unguwannin da ke kusa ba su ɗauke shi nasu ba. Da gari ya matso, aka yi ta yanka fuloti a cikinsa, aka yi gine-gine, wani wuri ya zama juji. Babban ɓangare na dajin nan ya tafi.

A Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, akwai wani daji mai suna Karura, mai wajen hekta 1,000. A 1998 aka gano ana raba shi a ɓoye ga masu gini. Wata malama mai suna Wangari Maathai ta tara mata da ɗalibai suka je dashen itace a wurin. A watan Janairu na 1999 aka buge ta har aka fasa mata kai, amma ba ta fasa ba, kuma aka daina rabon. A 2004 ta samu lambar yabo ta Nobel. Abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya biyo baya. A 2009 maƙwabtan dajin suka kafa ƙungiya ta abokan Karura. Suka haɗa hannu da ma'aikatan gandun daji, suka kewaye shi da shinge, suka cire baƙin haki da ya mamaye shi, suka mayar da itatuwan ƙasar. Wurin da a da ake tsoron shiga saboda ɓarayi ya zama wurin da iyali ke zuwa shan iska.

Dukan dazuzzukan biyu suna da doka da ta kare su. Ɗaya ne kawai ya samu mutane masu zuwa dubansa kowane mako.

Dashe rana ɗaya, reno shekara uku

Tun 1975, zamanin Shugaba Seyni Kountché, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan. A watan Mayu na 1984 aka yi babban taro a Maraɗi, aka ɗauki alkawarin yaƙi da hamada. Tun daga lokacin, ba shekarar da ba a dashe. Da a ce duk abin da aka dasa ya rayu, da yanzu a inuwa muke tafiya daga Difa har Maine-Sorowa.

Ni kaina ina da laifi a nan. Wata shekara muka fito da mutanen wata unguwa muka yi dashe a gefen fili. An yi kiɗa, an yi jawabi, an ɗauki hoto. Kowa ya koma gida yana murna. Da na komo wurin bayan girbi, ramuka kawai na tarar, da tsummokaran leda. Awaki sun cinye wasu, ƙishirwa ta kashe sauran. Ƴan ƙalilan ne suka tsira, kuma dukansu a wuri ɗaya suke, kusa da rumfar wata tsohuwa mai sayar da ƙosai. Na tambaye ta: “Iya, yaya aka yi naki suka rayu?” Ta ce: “Malam, ruwan wanke kwano nake zuba musu, kuma na sa ƙaya. Sauran ai ba ku ce na wane ne ba.”

Ta faɗi gaskiya. Mun rarraba itace, ba mu rarraba aiki ba.

Yadda ake kafa ƴan kiwon daji

Ba sai an jira wani furoje ya zo da mota da kuɗi ba. Mutum goma zuwa goma sha biyar sun isa a fara. A nemi wuri ƙarami wanda ƙafa za ta iya zagayawa cikin rabin awa. Wanda ya ce zai kula da gaɓar kogi duka, ba zai kula da komai ba.

Kafin a taɓa ko reshe ɗaya, a je wurin bulama ko mai unguwa. Daga nan a je ma'aikatar magajin gari, da ofishin gandun daji. Dalili shi ne a san matsayin filin: na gari ne, ko gonar wani ce da ya bari, ko burtali ne. Tsarin dokokin karkara na 1993 ya kafa hukumomin filaye da ake kira Kofo. Aikinsu ne su shaida iyaka, su ba da takarda. Wannan takarda ita ce za ta tsaya muku ranar da wani zai zo da igiyar awo ya ce wurin fulotinsa ne. Sa'an nan kowa ya san halin tsaro. Akwai wuraren bakin kogi da ba a zuwa sai da sanin hukuma. Idan naku yana cikinsu, ku fara da kurmin da ke cikin gari. Daji ba ya kai rai.

Wa zai shiga? Dole a sa mata, don su ne masu itacen girki da kaba. Dole a sa makiyayi, don dabbobinsa ta nan suke bi zuwa mashaya. A sa manomin da gonarsa ke maƙwabtaka da wurin. A sa ƴan gudun hijirar da ke zaune kusa, don su ma da dajin suke rayuwa, kuma da yawansu manoma ne da suka san itace fiye da mu ƴan gari. Na sha ganin kwamitin da dattawa maza kaɗai suka kafa, suka yanke doka a ƙarƙashin inuwa, washegari mata suka shiga da gatari. Ba taurin kai ba ne. Ba a tambaye su ba.

Bayan haka a raba wurin kashi-kashi, kowane kashi da sunan mai shi. A tsai da rana ɗaya a mako, da sassafe, ta aikin tare. Awa biyu sun isa. Aikin sa kai idan ya yi nauyi, mako uku ne ransa.

A fara da abin da ya tsiro da kansa

Yawancinmu da an ce gyaran daji sai mu tuna da dashe. Alhali akwai hanyar da ta fi sauƙi, ta fi arha. A ƙasar Maraɗi, daga 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo, tare da manoman yankin, suka lura cewa ƴan tsirran da ake sassabewa kowace shekara ba haki ba ne. Tohon kututture ne, kuma saiwarsa na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Sai aka daina sare su duka. Akan zaɓi reshe biyu zuwa biyar masu ƙarfi, a cire sauran, a datse ƙananan rassa na ƙasa. Shi ne sassaben zamani. Da wannan dabara aka mayar da itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram. Ba ban ruwa, ba sayen iri.

A bakin Komadugu ma haka ne. Toho mai tsohuwar saiwa ya fi dashe saurin girma, don saiwar ta riga ta kai ga laima. A yi yanka da wuƙa ko adda mai kaifi, daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya yage. A ɗaura ɗan ƙyalle a jikin wanda aka zaɓa, kowa ya san mai shi na nan.

Goruba na buƙatar bayani na musamman. Kabar da muke gani shimfiɗe a ƙasa, ita ce goruba tana yarinya. Ba ta tashi ne saboda kullum ana yanke ta tun daga zuciya. A cikin kowane cuncurundon kaba a zaɓi ɗaya ko biyu, a yi musu alama, a bar su su tashi. Sauran mata su ci gaba da yanka, amma ganyen waje, a bar na tsakiya. Ba a hana kowa sana'arsa ba, kuma nan da wasu shekaru za a samu ƴaƴa da inuwa da azara.

Inda ƙasa ta zama fako, ba kututture ko ɗaya, nan ne wurin dashe. A haƙa rami kamu ɗaya faɗi, kamu ɗaya zurfi, a zuba ruɓaɓɓen taki. A yanke ledar a cire ta kafin a sa tsiron. A dasa da farkon damina bayan ƙasa ta jiƙu, a kewaye da ƙaya tun ranar, ba gobe ba. Da rani a ba shi bokiti ɗaya sau biyu a mako, har rani biyu. A bakin ruwa a sa bagaruwa da giyayya, don suna jure kwanciyar ruwa. A tudu a sa aduwa, magarya da gawo. Dogon yaro na da kyau a bakin titi da ƙofar gida, amma dabba ba ta cika cin sa ba, yaro ma ba ya tsintar komai a gindinsa.

Baƙon da ya fi ƙarfin mai gida

Akwai itacen da ba ya son a tausaya masa. Shi ne porozopis, ƙayar nan mai kore shar ko da rani, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne. A 1977 aka shuka shi a kan wajen hekta 10 kusa da Tafkin Cadi don tsai da rairayi. Kafin shekara talatin, ƙwararrun hukumar abinci ta duniya, wato FAO, sun ƙiyasta ya mamaye fiye da hekta 300,000. Mutanen Ngigmi da Bosso sun san yadda ya toshe gonaki da hanyar jirgin ruwa. Dabbobi ne ke yaɗa shi: su ci ƴaƴan, su kasayar da irin a wani wuri.

Ba na cewa ba shi da amfani. Itacensa na ci da kyau, gawayinsa ma haka. To, nan dabarar take. Duk mai neman itacen girki a nuna masa porozopis, a ce ga naka, ka bar bagaruwa. Sai dai idan aka sare shi a sama, toho yake yi ninki-ninki. A haƙa gindin, a sare shi ƙasa da inda saiwa ta fara, kamar taƙi ɗaya cikin ƙasa. Ƙananan kuwa a tuge su da damina tun ƙasa na da taushi. Ƴaƴansa idan an niƙa su aka gauraya da dusa, abincin dabba ne, kuma niƙan na kashe irin. Kada a ba dabba su kaɗai kullum, suna lalata mata baki.

Ƙayarsa tana huda takalmin roba. Wanda ta soka ya wanke wurin da ruwa da sabulu nan take. Idan ta shiga da zurfi, ko wurin ya kumbura, a je asibiti a nemi allurar ciwon sarƙe haƙora, wanda likitoci ke kira tetanos.

Tsabtar wurin lafiyar gari ce

Kurmin da ba mai dubansa, makewayi yake zama. Ruwa ya zo ya kwashe ƙazantar ya kai kogi da rijiyoyi. Ta nan amai da zawo ke shiga gari. A 2017 wani irin ciwon shawara mai kama hanta ya ɓarke a jihar Difa ta hanyar gurɓataccen ruwa, kuma mata masu ciki ya fi kashewa. Tsargiya ma haka take yaɗuwa: mai ciwon ya yi fitsari a gurbi, ƙwayar cutar ta shiga jikin ƙananan katantanwa, ta fito ta huda fatar yaron da ke wanka. Yaron da ke fitsarin jini a kai shi asibiti. Akwai magani, kuma ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke cewa.

Saboda haka ranar gayya a haɗa da tsintar leda da gwangwani. Gwangwani na tara ruwa, sauro ya yi ƙwai. Leda kuwa tunkiya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa har ta mutu. Tun 2014 akwai dokar da ta hana shigo da irin wannan leda, amma har yau ga ta nan maƙale a kowace ƙaya. A tara ta a kai inda ma'aikatar magajin gari ta tanada. Kada a ƙone ta a gindin itace.

Idan an kama wani yana sara

Za a kama. A nan ne ƙungiyoyi da yawa ke watsewa. Ƴan kiwon daji ba ƴan sanda ba ne, ba kuma ƴan banga ba. Ba su da ikon duka, ko ƙwace gatari, ko cin tara. Dokar daji ta watan Yuni 2004 ta ba ma'aikatan gandun daji wannan aiki. Gawo, goruba, tsamiya da aduwa na cikin itatuwan da doka ta kare, ba a sare su sai da izini. A watan Yuli na 2020 kuma aka fitar da wata doka da ta amince cewa manomin da ya reni itace a gonarsa yana da haƙƙin amfana da shi.

Karon farko a yi wa mutum magana da girmamawa, a nuna masa inda aka yarda a sara. Karo na biyu a kai maganar gaban bulama. Sai ta gagara ake zuwa ofis. Makiyayi kuwa kada a toshe masa hanyar ruwa da sunan gyara. A bar burtali da faɗinsa, a kewaye ƙananan itatuwa kawai. Rassan da aka datse ranar gayya a raba wa waɗanda suka fito aiki, mata su fara ɗiba.

Abu na ƙarshe shi ne littafi. A sayi ɗan littafin rubutu guda, a ba wanda ya iya rubutu cikinku, ko da bana ya koya. A shafin farko ya rubuta sunayen mutane da kashin kowa. A na biyu ya rubuta sunan kowane irin itace da ke wurin, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, da adadinsa. Tsofaffi su faɗi waɗanda suka sani a da amma yanzu babu, su ma a rubuta. A sake ƙirga sau biyu a shekara, bayan girbi da kuma kafin ruwan farko. Ƴaƴan bagaruwa da na gawo da rani suke nuna. A tara su a tulu mai murfi, a sa toka don ƙwari. Daren da za a shuka, a zuba musu ruwan zafi a bar su su kwana a ciki, don ɓawonsu na da tauri.